Kada Ka Yi Saurin Tuge Ta

Karatu: Yohanna 15:1-8

Ɗan'uwa mai karatu, a ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno kusa da Sinnar inda jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune, akwai wata shuka mai yaɗo da ake sa wa a tsakar gida ta hau katanga. Larabawa suna ce mata jahannamiyya. Sunan ba daɗi, amma shukar ba ta da laifi. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, baƙuwa ce kamar masu gidan.

Ba ta son gata da yawa. Ƙasar Jazira baƙar laka ce mai riƙe ruwa, shi ya sa ake haɗa ta da yashi, a huda gindin tukunya. In ka cika mata ruwa kullum, sai ta yi ta ganye ba fure, wani lokaci saiwar ta ruɓe. A ba ta rana sosai, a bari ƙasar ta bushe kafin a ƙara ruwa, a datse rassan bayan fure ya zube.

A Disamba 2023 yaƙi ya shiga Wad Madani, mutane suka gudu suka bar gidaje. Bayan da sojoji suka karɓe garin a Janairu 2025, masu komawa suka iske shuke-shuke sun bushe ƙayau. To, kafin ka tuge jahannamiyya, kankare ɓawon da farce kusa da gindi. In ka ga ɗanye a ciki, tana da rai. Yanke busasshen, ka ba ta ruwa kaɗan, ka jira.

Ubangijinmu Yesu ya kwatanta kansa da kurangar inabi, mu kuwa rassa, Uba shi ne manomin da yake datsewa. Ba zan ce yaƙi wuƙar Uba ce ba. Mutane ne suka harba bindiga, su za su amsa. Abin da ayoyin nan suka nuna mini shi ne, ran reshe daga gindi yake zuwa, ko da ido bai ga ganye ba.

Akwai 'yan'uwa da suka dawo daga gudun hijira, bakinsu ya mutu. Ba sa waƙa, addu'a ma ta gagare su. Wasu cikinmu har sun fara cewa sun ja da baya. Wa ya kankare ɓawon ya duba? Wasu kuma suna zuba musu wa'azi safe da yamma kamar mai ban-ruwan auduga. A rage. Kai musu kwanon dawa, ka zauna tare da su, Kirista ne ko Musulmi maƙwabcinka, ka bar su su yi shiru in shirun suke so.

Addu'a: Ya Uba, ka riƙe waɗanda suka koma gidaje a Jazira da Sinnar, da waɗanda har yanzu suke nesa. Ka ba mu haƙurin jira. A cikin sunan Yesu, Amin.