Idon da ke kan mai shan magani

Shin daidai ne a zaunar da magidanci mai mata da ƴaƴa, a ce sai ya haɗiye magani a gaban wani, tamkar yaron da ba a yarda da shi ba? Haka ake yi wa mai tarin fuka ƙarƙashin tsarin DOTS, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa bayan ta ayyana cutar a matsayin lamarin gaggawa a shekarar 1993.

Hujjar masu tsarin tana da ƙarfi. Maganin na wata 6 ne: wata 2 na farko ana shan iri 4, sauran wata 4 kuwa iri 2. Tun kafin a kai rabi tari ya lafa, ƙarfi ya komo. To, manomin Illela ko Malbaza da ya ga an ƙare girbi, tsaransa sun bi ta Birnin Ƙonni sun ƙetara Najeriya cin rani, me zai riƙe shi? Bai yaudari kowa ba, sauƙi ya ji. Amma ƙwayar cutar da ta rage tana iya tasowa ta ƙi jin magani, kuma iyalinsa ne ke shaƙar numfashinsa cikin ɗaki guda. Jikin nasa ne, iskar ɗakin ba tasa ba ce shi kaɗai.

Duk da haka, bai kamata mu ɗauki kallo a matsayin waraka ba. Masanan ƙungiyar Cochrane da suka tattara gwaje-gwaje a 2015 ba su ga wani babban bambanci ba tsakanin wanda aka sa wa ido da wanda ya sha da kansa. A 2017 hukumar ta fifita a riƙa kula da majinyaci a gida ko cikin unguwarsa bisa sa shi zirga-zirga zuwa likita.

A ganina, amfanin idon shi ne yana ɗaure mai kallo kamar yadda yake ɗaure wanda ake kallo. Wanda ya ce wa talaka ya zo kullum, ya ɗauki alkawarin a iske shi, a iske magani. Nan ne haɗin gwiwar gwamnati da masu zaman kansu ke samun ma'ana. Asibitin Galmi, da ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950, ba gwamnati ta gina shi ba, amma jama'ar jihar Tawa sun daɗe da sanin hanyarsa. Gwamnati na da magani kyauta da littafin rajista. Irin wannan asibiti na da ma'aikata da yardar mutane.

Abin da ke damuna shi ne ranar da majinyaci bai zo ba. Hannu biyu ke riƙe da amanarsa, kuma kowane na iya zaton ɗayan ne zai hau babur ya bi sawunsa zuwa ƙauye, cikin damina, bayan gulbi ya yanke hanya.