Shin Majalisa ko Kotu na Iya Halatta Auren Jinsi?

Tambaya: Ni ɗalibin lauya ne daga Gabukka a Gombe. Mun karanta cewa majalisar Holan ta halatta auren jinsi a 2001, ta Afirka ta Kudu a 2006, sai Kotun Ƙolin Amurka a 2015. Idan hakan ta faru a Najeriya, auren ya ɗauru a Musulunci? Yaya kuma za mu yi da wanda ake zargi a unguwa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa.

Ɗana, bai ɗauru ba. A mazhabar Malikiyya aure na tsayuwa ne da waliyyi, sadaki, siga, da miji da matar da babu abin da ya haramta su ga juna, tare da shaidu biyu adilai. In babu namiji da mace, babu mahallin auren, ko da an yanka sadaki an raba goro. Haramcin aikin mutanen Annabi Luɗu kuwa ya zo a Suratul A'araf da Suratu Hud, malamai kuma sun yi ijma'i a kansa.

Halattawa da haramtawa na Allah ne. Majalisa na tsara maslahar jama'a a inda nassi ya bar sarari, amma ƙuri'a ba ta goge nassi. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, ba ita ta kawo haramcin ba. Ko an soke ta yana nan. Saboda haka bai halatta Musulmi ya ɗaura irin wannan aure, ko ya shaida shi, ko ya goyi bayansa a majalisa ba.

Game da zargi, ka ji tsoron Allah. Lokacin da jami'an Sibil Difens suka kama mutum 76 a Gombe a Oktoban 2023 bisa zargin shirya bikin auren jinsi, mutane da yawa sun yanke hukunci tun alƙali bai zauna ba. Shari'a ba ta san haka ba. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. Wanda ya jefi wani da luwaɗi bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ke kansa. Duka, jifa da yaɗa hoton mutum a waya zalunci ne. Wanda aka jarrabce shi da wannan aiki, a yi masa nasiha a asirce. Ƙofar tuba a buɗe take.

Allah ne mafi sani.