Lamba Ba Ta Nuna Faifai

A wani shagon gyaran kwamfuta da ke kasuwar Farm Centre a Kano, wani malamin makaranta ya kawo kwamfutarsa ƙirar HP a sake saka mata Windows. Faifai biyu ne a cikinta: ƙaramin SSD mai gigabait 256 wanda take tashi da shi, da babba mai terabait 1 inda ya tara takardun ɗalibansa da hotunan mahaifiyarsa marigayiya.

Maigidan shagon ya tafi sallar la'asar, ya bar yaronsa. Yaron ya ga ai wannan aiki ya sha yin sa. Ya soka filashi, ya kunna, ya danna F9, ya zaɓi filashin. Da aka zo inda Windows ke tambayar wurin da za a saka ta, sai ga faifai mai lamba 0 da mai lamba 1. Ya ce a ransa na farko ai shi ne na tashi. Ya kai hannu zai goge, sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu.

"Kai, dakata! Karanta min girmansa."

"931 ne, Maigida."

"Ɗayan fa?"

"238."

"To wanne ne na Malam da hotunan mahaifiyarsa?"

Yaro ya yi tsuru-tsuru, gumi ya karyo masa. Maigida ya ce masa terabait 1 a allon nan 931 yake fitowa, 256 kuma 238. Lambar kuwa daga inda aka jona faifan take zuwa, ba ruwanta da abin da ke cikinsa.

Ya kashe kwamfutar, ya kwance murfinta, ya zare babban faifan ya ajiye a kan tebur, sannan ya ce a fara daga farko.

"Maigida, ai yanzu na gane shi, me ya sa za a cire?"

"Ko ka zaɓi daidai, Windows kan ajiye fayilolin tashi a ɗaya faifan. Ranar da ya lalace, kwamfutar ta ƙi tashi. Wanda ba ya ciki kuma, hannunka ba zai goge shi ba."

Da Malam ya dawo ya tarar da hotunansa cif, ya biya ya tafi, bai san abin da ya kusa faruwa ba. Yaron kuwa, tun daga ranar, sai ya karanta girman faifai da baki kafin ya taɓa komai. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma rigakafi ya fi magani.