Toshe ramin zuciya canza halittar Allah ne?

"Haka Allah Ya halicce ta, a bar ta." Abin da baffanmu ya ce ke nan da yayata ta dawo daga asibiti da sakamakon hoton zuciya. Ta haura shekara 40, ta haifi 'ya'yanta lafiya, sai ga shi hawa bene ya fara gagararta, tana wanki tana tsayawa tana haki. Likita ya ce akwai rami a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu na zuciyarta, kuma da shi aka haife ta.

Baffa ya yi karatun zaure, ba da ka yake magana ba. Hujjarsa aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda aka ambaci canza halittar Allah cikin ayyukan da Shaiɗan ke umurtar mutane da su. Ina girmama wannan tsoron nasa, amma ban yarda ayar ta hau kan yayata ba.

Mu dubi halittar kanta. Kowane ɗan tayi yana da ƙofa tsakanin waɗannan ɗakuna biyu, domin huhunsa bai fara aiki ba, ta mabiyiya yake samun iska. Da ya faɗo duniya ya ja numfashi, ƙofar sai ta kama hanyar rufewa. Rufewar ita ce tsarin. Idan bangon bai cika ba, jinin da ya dawo daga huhu yakan tsallaka ya sake komawa huhun, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta ɗaukar kayan da ba nasa ba har ya buɗe. Wanda ya toshe ramin ya mayar da zuciya kan aikin da aka halicce ta dominsa ne.

Aikin ma yanzu, ga wanda raminsa ya dace, ba sai an tsaga ƙirji ba. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a tura wata 'yar saƙar waya mai fuska biyu, ɗaya ta buɗe a hagu, ɗaya a dama, su kama bangon a tsakiya. Likitoci biyu, Terry King da Noel Mills, su suka fara yi wa mutum haka a Amurka a tsakiyar shekarun 1970. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ke biyo baya: cikin kamar wata 6 naman zuciyar da kansa yake lulluɓe wayar. Likita ya ajiye ƙarfe ya cire bututunsa, warkewar kuma ba a hannunsa take ba.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi da sa na zinare. A 2007 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Maleshiya, ta halatta gyaran naƙasar da aka haifi mutum da ita.

Na san baffa haƙuri yake nufi, amma jiran nan yana da tsada. Idan aka daɗe, a wasu mutane jijiyoyin huhu sukan yi tauri, jini ya juya hanya, leɓe ya yi shuɗi, kuma a lokacin toshe ramin ya zama haɗari, likita ba zai taɓa shi ba. Ramin ƙaddara ne, lokacin da aka ba mu na neman magani shi ma ƙaddara ne, kuma za a tambaye mu yadda muka yi da shi.

An yi wa yayata aikin, baffa na cikin waɗanda suka haɗa kuɗin. Mai karatu, idan kana da ɗan'uwa da aka ce yana da ramin zuciya, ka yi masa addu'a, ka kuma kai shi wurin likitan zuciya tun kafin numfashinsa ya ƙara tauyewa.