Ko Ya Dace A Bincike Gidan Mai Neman Ɗan Riƙo?

'Yan'uwa, akwai kukan da ma'aurata marasa haihuwa suke yi idan sun nemi hukuma ta ba su jariri. Sukan ce, "Matar da ta haifa, wa ya shiga ɗakinta ya ƙirga tukwanenta? Don me mu za a tone mu kamar ɓarayi?" Kukan nan yana da nauyi, gama mutanen nan sun sha gori shekara da shekaru.

A ƙasar Gana, bisa ga Dokar Yara ta 1998, mai nema sai ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21, in ba danginsa ba ne. Ma'aikacin jin daɗin jama'a yakan zo gida. Zai duba wurin kwana, ya tambayi abin da ke shigowa a wata, ya nemi takardar likita da ta 'yan sanda, sa'an nan ya kai rahoto gaban kotu.

A riƙonmu na gargajiya ba a yin haka, amma kada mu ce babu bincike a ciki. Wanda ya ba ƙanwarsa ɗa ya san halinta tun tana yarinya, in kuwa yaron ya rame, kaka za ta gani ranar suna ko ranar biki. Jaririn da aka tsinta ba shi da kaka. Ba shi da kawun da zai ɗaga murya dominsa, shi kansa kuma bai iya magana ba. Ma'aikacin nan, da littafinsa da tambayoyinsa masu gundura, shi ne ya tsaya a gurbin dangin da yaron ya rasa. Sarki Sulemanu ma da ya gwada matan nan biyu, ba don ya kunyata su ya yi ba, ran yaron yake nema.

Mun kuma ga abin da ke faruwa inda aka kauce wa wannan hanya. A shekarar 2014 aka kama mutane da dama a Yamai, har da manya, bisa zargin sayen jarirai daga kudancin Nijeriya a nuna su kamar haihuwar gida.

Inda nake jin tsoro shi ne a mai da bincike ma'aunin dukiya. Ɗakin ƙasa mai tsabta bai kasa gidan siminti ba wajen renon ɗa, ma'aikacin da bai gane wannan ba ya ɓata aikinsa. Tambayoyin da suka fi muhimmanci ba su da alaƙa da kujeru. Mijin yana so, ko dai ya yi shiru ne don matarsa ta bar kuka? In Allah ya ba su haihuwa bayan shekara uku, wane yaro za a aika ɗiban ruwa, wane za a kai makaranta? Dokar Gana ta ba yaron da kotu ta miƙa gādo kamar ɗan ciki. To, 'yan'uwan mijin sun ji wannan? Gara a tambaye su yau, mai gidan yana da rai, da a bar maganar sai ranar rabon gona.