Yawon Kallon Namun Daji: Tafakkuri Ne Ko Almubazzaranci?

Idan rani ya kama, ciyawa ta bushe, akan ga 'yan makaranta da samari daga ƙasar Kano sun haɗa kuɗi sun ɗauki shatar bas zuwa Yankari ta Jihar Bauchi. A can sai a zuba su cikin buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan jagora, a bi da su gefen kogin Gaji inda giwaye da ɓauna da gwanki suke saukowa shan ruwa, kana su dawo su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Dattawa da dama a Bunkure da Kura suna ganin wannan ɓarnar dukiya ce kawai. A cewarsu, kuɗin da zai sayi buhun taki don gonar shinkafa ko tumatir, ina dalilin ƙone shi a kallon gwaggon biri?

Maganarsu tana da nauyi, domin wanda ya bar iyalinsa babu abinci, ko ya ci bashi, ko ya wofintar da salla a hanya don nishaɗi, ya yi laifi ko da giwa ɗari ya gani. Amma shari'a ba ta ƙyamaci kallon halitta ba. Suratul Gashiya ta ja hankalin mutane zuwa ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, Suratul An'am kuwa ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi irin na 'yan Adam. Yaron da ya haddace Suratul Fili tun yana ɗan shekara shida, ranar da ya tsaya gaban giwa ya ga girmanta da idonsa, karatunsa ya sami wata ma'ana da allo bai ba shi ba.

Keɓe daji ma ba baƙon abu ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malaman fiƙihu suna kiran wannan hima, sharaɗinsa shi ne amfanin jama'a, ba na mai mulki ba.

A nan ne manomin Bunkure ya kamata ya tsaya ya yi nazari. Ruwan da yake ban-ruwa da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Kogin Kano da ke cika ta kuwa ta dajin Falgore yake ratsowa, dajin da shi ma aka keɓe don namun daji. In masu gawayi da masu itace suka cinye bishiyoyinsa, ƙasa za ta zaizaye, yashi ya sauka cikin madatsar, ruwan ya ragu. Ashe dai dajin da ake wa kallon wurin wasan Turawa yana da hannu a cikin tuwon gidansa. Yaron da aka kai ya ga daji da rai, ɗan jagora ya bayyana masa yadda abin yake, da wuya ya girma ya zama mai cinna masa wuta.

Sai dai akwai wani hakki da mai yawon buɗe ido ba ya hangowa ta tagar mota. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Bauchi a 2006. Duk tsawon wannan lokaci, giwar da baƙo yake ɗauka hoto ita ce takan fita da dare ta tattake dawar talakan da ke maƙwabtaka da dajin a ƙasar Alkaleri. Ƙa'idar shari'a ita ce cuta ana gusar da ita. Saboda haka kuɗin ƙofa da baƙi suke biya, wannan manomi yana da rabo a ciki, kuma hukumar da ta keɓe daji ita ce za a tambaya game da gonarsa.