Gidan Majemi a Bakin Teku

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:36-43, 10:1-23

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Legas ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Maigida ya ce kuɗin shekara guda a dunƙule, wani ma har biyu, ko da yake dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni. Ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya, ga kuɗin ajiya na ɓarna. Kafin a miƙa maka makulli, aljihu ya bushe.

A nan ne Shaiɗan yake kama da yawa cikinmu. Ɗan'uwa ya sauka daga arewa, albashinsa na ɗaki ɗaya ne a Agege, amma zuciyarsa tana Lekki, don kada 'yan gida su ce bai ci gaba ba. Sai ya ci bashi da ruwa, ya yi wa maigida ƙarya game da aikinsa, zakkarsa ta tsaya, matarsa ta daina barci. Wannan ba bangaskiya ba ce, girman kai ne, ko da an yi azumi a kansa.

Dubi Bitrus a Yafa, garin da yanzu yake haɗe da Tel Aviv. Ta bakinsa Ubangiji ya ta da Tabita daga matattu, labari ya cika gari. Ina ya sauka bayan haka? A gidan Saminu majemi, a bakin teku. Wanda ya taɓa wucewa ta majema ya san warin da ake shaƙa a wurin, kuma Bayahude mai kiyaye doka yakan nisanci sana'ar taɓa fatar mushe. Amma a kan soron wannan gida, da tsakar rana, Bitrus yana addu'a ya ga wahayin da ya buɗe wa al'ummai ƙofar bishara. Mala'ikan da ya je wurin Karniliyas a Kaisariya ma kwatancen wannan gida ya ba shi. Haleluya! Sama ta san adireshin majemi.

Saboda haka, kafin ka biya ko kobo, ka yi addu'a, ka kuma buɗe ido. Duba bango ko akwai shaidar inda ambaliya ta tsaya, gama damina a Legas ba ta wasa, musamman Yuni da Yuli. Ɗanɗana ruwan rijiyar, kusa da teku yakan yi gishiri. Tambayi maƙwabta wane ne ainihin mai gidan, kada ka ba dillalin da ba ka sani ba kuɗi a hannu, ka kuma karɓi rasit. In kuɗin ya fi ƙarfinka, juya ka tafi, ba kunya.

Addu'a: Ya Uba, ka kai ni gidan da zan iya biya ba tare da ƙarya ko bashi ba. Ka tsare ni daga dillalan ƙarya, ka ba ni maigida mai tsoronka, cikin sunan Yesu. Amin.